Yadda ake gwada manhajar yawon buɗe ido mai ɗora hoto kan zahiri

Fasahar ɗora hoto kan zahiri, wadda Faransawa ke kira réalité augmentée, ita ce ka ɗaga salula ka nuna wa kamararta wani wuri, sai rubutu ko zane ya bayyana bisa abin da idonka ke gani. Jama'a da dama sun san ta ne ta wasan Pokémon Go na 2016. A fannin yawon buɗe ido kuwa, tun farkon shekarun 2000 shirin Archeoguide ya gwada ta a Olimpiya ta ƙasar Girka, inda baƙo ke tsayawa gaban kango ya ga ginin kamar yadda yake a da.

Kafin a saki irin wannan manhaja, sai an gwada sauƙin aiki da ita. Ana samo mutanen da ba su taɓa ganin ta ba, a ba kowa aiki, misali ya nemo hanyar gidan tarihi. Mai gwajin ba ya taimaka masa, kallo kawai yake yana rubutawa: ya kai ko bai kai ba, minti nawa ya ci, ina ya rikice. Ana kuma roƙon shi ya riƙa faɗin abin da ke ransa.

Ba sai an tara taro ba. Masani Jakob Nielsen ya nuna a 2000 cewa mutum biyar kan bankaɗo wajen kashi 85 cikin ɗari na matsalolin. Bayan gwaji akan cika takardar tambayoyi goma ta SUS, wadda John Brooke ya tsara a 1986. Makinta daga 0 zuwa 100 ne, matsakaici kuwa wajen 68.

Gwajin ofis kaɗai bai isa ba, dole a fita fili. Hasken rana na dushe fuskar salula, kamara da GPS na shanye bateri, rezo na yankewa, hoto na iya kaucewa daga kan gini. Wanda ya ƙura ido kan waya kuma bai ganin babur.

Don haka duk mai niyyar yi wa tsohon garin Agadez, da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, ko fadar Sarkin Damagaram irin wannan manhaja, to ya gwada ta can, da tsakar rana, da ƙaramar salula, tare da baƙi da ƴan rakiyarsu. In ta rikita su, sai a koma gyara.