Akwati ko manhaja? Tarihin amfilifayar jita, da wadda ta dace da mu a Dutse

1/ Masu koyon jita a Dutse ba mu da yawa, amma gardama ɗaya ta ƙi ƙarewa: a tara kuɗi a sayi ƙaramar amfilifaya, ko a jona jita da laftof, manhaja ta yi aikin? Gardamar nan tana da tarihi, har Sakkwato na ciki. Ku biyo ni 🧵

2/ Jitar lantarki ita kaɗai kusan bebiya ce, rabin muryarta a amfilifaya take. Fender ya kafu a Amurka a 1946, Jim Marshall ya fara ƙera tasa a Landan a 1962. Na wancan lokacin da kwalaben wuta suke aiki, irin na tsohuwar rediyo. In ka ƙure musu ƙara sai sautin ya yi kaushi, kuma kaushin nan shi mutane suka so.

3/ Matsalar ita ce nauyi, tsada, ga hana maƙwabta barci. Shi ne injiniyoyi suka ce to a kwaikwayi sautin mana da lissafi. Line 6 ya fitar da amfilifaya mai kwaikwayo a 1996, sai POD a 1998, wani ɗan jan akwati mai siffar ƙwayar wake, da muryoyin amfilifaya iri-iri a cikinsa.

4/ Daga nan aka ce akwatin ma na mene ne? AmpliTube ta fito a 2002, Guitar Rig a 2004, duk a cikin kwamfuta. Kemper ya zo a 2011 da na'urar da ke sauraron amfilifaya ta gaske ta kwafe halinta. Yanzu ga Neural Amp Modeler, kyauta ce, data kawai za ka ƙona.

5/ Mu dawo gida. Kiɗanmu na zamani ya riga kowa shiga akwati. A shekarun 1990 situdiyoyin Kano suka rungumi fiyano ƙirar Yamaha, mutum ɗaya ya danna ganga, sarewa da goge su fito. Waƙoƙin fim irin Sangaya na 1999 a kan haka suka tashi. Daga baya FL Studio da Auto-Tune suka karɓe. Wato mu kwaikwayo ba baƙonmu ba ne, da shi aka raine mu 😅

6/ A Nijar kuwa wata hanya aka bi. Abzinawa sun riƙe jita da hannu, tun daga Tinariwen na Mali zuwa Bombino na Agadas. Wurin kiɗansu fili ne: biki, dandali, yashi. Ƙaramar amfilifaya, janareta ko batirin mota, shi ke nan an tashi.

7/ Nan ne labarin ya fi min daɗi. Mdou Moctar, bahagon makaɗin nan na Nijar da ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008. Da kayan situdiyon Hausa aka yi shi: gangar inji, murya ta sha Auto-Tune kamar waƙar nanaye.

8/ Babu kamfanin da ya raba shi a lokacin. Daga waya zuwa waya ya yi ta yawo, ta Bluetooth da memori, har Christopher Kirkley na Sahel Sounds ya tsinci waƙarsa ya sa a tarin Music from Saharan Cellphones. Amma ku saurari Afrique Victime na 2021: jita ce da amfilifaya a ƙure, da makaɗa a tare. Mutum ɗaya ne fa. Da zai naɗa shi kaɗai situdiyo ta ishe shi, da zai yi kiɗa da mutane ya koma wa akwati.

9/ To mu da ke son zaman nishaɗi kawai bayan lakca fa? A ganina batun daɗin sauti a ajiye shi gefe. Manhajojin yanzu sun kai inda kunnen ɗan koyo irina ba zai raba su da ta gaske ba. Abin dubawa biyu ne: wuta da jinkiri.

10/ Jinkiri shi ne ɗan lokacin da ke tsakanin taɓa tsirkiya da jin sautin. In ya haura kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, hannu ya fara ji. Laftof na buƙatar ƙaramar na'urar shigar da sauti kafin ta rage shi. In kuwa ka ce da sifikar Bluetooth za ka ji, wallahi sai ka gama kaɗawa sautin ya biyo ka a baya. Ba a kiɗan taro a haka.

11/ Wuta kuma, kun san halin da ake ciki a ɗakunan haya na ɗalibai. Laftof ɗin da za ka yi aikin makaranta da ita, ita za ka ƙarar wa caji a kan kiɗa? Ga ƙurar hunturu, ga zafin Afrilu da ke sa fankarta kuka. Roland Micro Cube ta 2004 kwaikwayon take yi ita ma, amma da ƙananan batura shida take tashi. Ka rataya ta, ku hau kan duwatsun garin nan da yamma ku zauna.

12/ Don haka ni dai: mai laftof da ke koyo shi kaɗai da abin kunne, ko mai son naɗa, ya fara da manhajar kyauta, kar ya ci bashi. In ku uku ne ko huɗu kuna zama a tabarma, ku yi karo-karo ku sayi ƙaramin akwati mai cin batir.

13/ Wanda zai shiga Kano saye, musamman ta hannu a Sabon Gari, ya tafi da jitarsa da wayar jonawa. A kunna a gabansa, ya murɗa kowane maɓalli ya ji ko yana ƙarar ƙwarzane, sannan a cire ta daga soket a gwada da batir kafin ya miƙa kuɗi.