Dark Star: aikin makaranta da ya haifi Alien

Yau tarihinmu zai kai mu Amurka, shekarar 1970, sashen koyon fim na Jami'ar Kudancin Kalifoniya da ke Los Angeles.

A can ne wasu ɗalibai biyu, John Carpenter da Dan O'Bannon, suka fara haɗa fim ɗin barkwanci mai suna Dark Star a matsayin aikin makaranta. Labarin wasu 'yan sama jannati ne da suka shekara 20 cikin kumbo, aikinsu tarwatsa duniyoyi masu haɗari, har kaɗaici ya sa kowa ya fara zarewa.

Kuɗi babu, sai dabara. Carpenter ya ba da umarni, ya kuma yi kiɗan fim ɗin. O'Bannon ya taya rubutu, ya fito a matsayin Pinback, ya tace hoto, ya haɗa siddabarun. Dodon da ke cikin kumbon ma ƙwallon roba ne da ake hurawa a yi wasa a bakin teku, suka yi masa fenti suka liƙa masa farata. Wurin da aka fi tunawa shi ne inda wani bam mai magana ya dage sai ya tashi a jikin kumbon, jagoransu ya fita yana gardamar falsafa da shi don ya haƙura.

Daga baya furodusa Jack H. Harris ya karɓi fim ɗin, aka ƙara masa tsawo don ya shiga silma. Duka abin da aka kashe bai wuce kimanin dala 60,000 ba. An fara nuna shi a bikin Filmex a 1974, amma da ya shiga kasuwa bai yi ciniki ba.

O'Bannon ya lura 'yan kallo ba sa dariya, sai ya yanke shawarar ya tsorata su. Ya ɗauki wannan dodo na cikin kumbo ya mayar da shi abin firgici, labarin da ya zama Alien a 1979, wanda Ridley Scott ya ba da umarni. Carpenter kuwa ya yi Halloween a 1978. Abokan biyu ba su sake yin fim tare ba, amma zamanin kaset ɗin bidiyo ya samo wa Dark Star masoyan da silma ta hana shi.

Sai mako mai zuwa.