Ƙananan ƙodojin da ake renawa a ɗakin gwaje-gwaje

Ƙodar ɗan Adam na ɗauke da ƙananan matatu kimanin miliyan guda, kuma ƙodojin biyu kan tace ruwan jini da ya kai lita 180 a kowace rana. Idan matatun suka lalace ba sa sake tsirowa, shi ya sa ciwon ƙoda mai tsanani kan kai mutum ga wankin ƙoda ko dashe.

Shekara da shekaru, masu bincike sun dogara ne kan ɓeraye domin fahimtar cutar. To amma akwai abubuwan da jikin ɓera ba zai iya nunawa ba.

Mafarin aikin

A shekarar 2007, Farfesa Shinya Yamanaka na Jami'ar Kyoto a Japan ya nuna cewa za a iya ɗaukar ƙwayar halitta daga fatar baligi, a mayar da ita matsayinta na farko, inda za ta iya zama kowane irin sashe na jiki. Ya samu lambar yabo ta Nobel a 2012.

A 2015 ne tawagar Farfesa Melissa Little a Ostareliya, da wasu masana a birnin Boston na Amurka, suka yi amfani da irin waɗannan ƙwayoyi wajen samar da wata 'yar tsoka mai siffar ƙoda. Ana renon ta na tsawon makonni uku zuwa huɗu, girmanta bai wuce 'yan milimitoci ba, amma a cikinta ana iya ganin matatu da ƙananan bututu irin na ƙodar gaske.

Inda gizo ke saƙar

Kiran ta ƙoda ma akwai ƙarin gishiri a ciki. Ta fi kama da ƙodar ɗan tayi a watannin farko na ciki, alhali kuwa yawancin cututtukan da ake son nazari a kai, kamar lalacewar ƙoda sakamakon ciwon suga ko hawan jini, na manya ne.

Ba ta kuma da isassun jijiyoyin jini, kuma ba ta da hanyar fitar da fitsari. Idan ta ƙara girma, tsakiyarta kan mutu saboda rashin iska da abinci.

Wani bincike a Jami'ar Washington da ke St. Louis a 2018 ya gano cewa kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na ƙwayoyin da ke cikinta ba na ƙoda ba ne, wasu na ƙwaƙwalwa ne, wasu na tsoka.

Matsalar jini ce ta fi ɗaukar hankali. A 2018, masana a Leiden ta ƙasar Holan sun dasa ƙananan ƙodojin a jikin ɓeraye, sai jijiyoyin jini suka ratsa su, matatun suka ƙara nuna. Shekara guda bayan haka, masana a Jami'ar Harvard suka ɗora su kan wata 'yar na'ura da ruwa ke gudana a cikinta ba tsayawa, kuma gudanar ruwan kaɗai ta sa jijiyoyin suka yawaita. A Melbourne kuma an yi amfani da na'urar ɗab'i wajen shimfiɗa ƙwayoyin, domin samar da ƙodoji masu yawa da suka yi kama da juna, abin da gwajin magunguna ke buƙata.

Alaƙa da Afirka ta Yamma

A 2010 aka gano cewa wasu nau'o'i biyu na ƙwayar gado mai suna APOL1 na ƙara haɗarin kamuwa da ciwon ƙoda. Sun yaɗu a Afirka ta Yamma, kuma masana na ganin dalili shi ne suna ba da kariya daga ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa. Wani nazari kan mutane fiye da 8,000 a Najeriya da Ghana, wanda aka wallafa a 2024, ya tabbatar da haɗarin.

Ɓera ba shi da wannan ƙwayar gado ko kaɗan, sai an cusa masa ita. Ƙaramar ƙodar da aka reno daga ƙwayoyin majinyaci kuwa, tana zuwa ne da irin gadon da ya ɗauko, kuma a kanta za a iya gwada magani kafin a ba shi.