Hampi: Tarihin Birnin Bijayanagara

Hampi ƙauye ne a jihar Karnataka ta kudancin Indiya, a bakin kogin Tungabadra, kimanin kilomita 13 daga garin Hospet. Abin da ke kai baƙi can shi ne kufan Bijayanagara, hedikwatar daular da ta mallaki mafi yawan kudancin Indiya daga ƙarni na 14 har zuwa 1565. Wasu 'yan'uwa biyu, Harihara da Bukka, ake danganta wa kafa daular wajen 1336, kuma sun iya zaɓen wuri: kogi ya tsare arewa, tarin manyan duwatsu sun kewaye sauran sassan, mahayi ba ya ratsa su sai ta 'yan mashigai. A 1986 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin jerin kayan tarihi na duniya. Labarin da ya fi yaɗuwa game da birnin shi ne wanda jami'in mulkin mallaka Robert Sewell ya shimfiɗa a littafinsa na 1900, cewa Bijayanagara ganuwa ce da mabiya addinin Hindu suka gina don tare Musulunci, ta tsaya shekara fiye da ɗari biyu, sannan Musulmi suka haɗa kai suka rushe ta. Labarin yana da daɗin bayarwa. Sai dai duwatsun birnin da rubuce-rubucen sarakunansa suna nuna daula ce da ta yi cuɗanya da duniyar Musulmi ƙwarai, kuma rigimar mulki ce ta kayar da ita.

Hujja ta farko tana cikin laƙabin da sarakunan suka zaɓa wa kansu. Tun tsakiyar ƙarni na 14 rubutun da aka sassaƙa a duwatsu yana kiran Bukka da sultan a cikin sarakunan Hindu, kuma magadansa sun ci gaba da amfani da laƙabin. Masanin tarihi Phillip Wagoner ya nuna cewa har suturar fada an aro ta: doguwar riga mai hannu da doguwar hula, waɗanda sunayensu suka samo asali daga Larabci da Farisanci, a ƙasar da manya suka saba zama ba riga. Sojan ma haka. Marubucin tarihi Firishta ya ruwaito cewa Sarki Deba Raya na Biyu ya ɗebi Musulmi maharba da mahaya cikin rundunarsa, ya ba su filaye, ya yarje musu masallaci, har yakan sa a ajiye Alƙur'ani a gaban karagarsa domin in sun zo gaisuwa su rusuna ba tare da sun saɓa wa addininsu ba. Wanda ke shakkar Firishta yana iya zuwa ya ga masallacin da wani hafsan sarkin mai suna Ahmad Khan ya gina a 1439, yana nan tsaye a cikin kufan, da kabari mai ƙubba a gefensa. A 1443 Abdurrazak na Samarkand, jakadan Sarki Shah Rukh, ya sauka a birnin, aka karrama shi, ya kuma rubuta cewa ganuwa bakwai ya gani, wata cikin wata.

Gine-ginen sun fi kowane marubuci bayani. Wuraren bauta, irin su Birupaksha mai hasumiyar ƙofa da ta kai kusan mita 50, da Bittala mai keken dutse da aka buga hotonsa a takardar rufi 50, duk an gina su bisa tsarin kudancin Indiya: ginshiƙan dutse, a ɗora musu falalen dutse a kwance, ko'ina sassaƙa. Amma da mutum ya shiga unguwar fada sai salon ya sauya. Bargar giwaye dogon gini ne mai ɗakuna goma sha ɗaya a jere, kowane da ƙofa mai lanƙwasa irin ta masallatai, a samansu ƙubbobi, wata mulmulalliya, wata mai tsaga-tsaga, wata mai hawa-hawa. Ƙaramin benen da ake kira Lotus Mahal ya haɗa irin waɗannan ƙofofi da rufin da aka ɗauko daga hasumiyar wuraren bauta. Ba cin birnin aka yi aka tilasta musu wannan gini ba. Sarakuna masu cikakken iko ne suka ga abin da ake yayi a fadojin Musulmi na Gulbarga da Bidar, ya burge su, suka sa magina su yi musu.

Zamanin Kirishna Deba Raya, daga 1509 zuwa 1529, shi ne ƙololuwar daular. A lokacinsa Domingo Paes, mutumin Fotugal, ya kwatanta girman birnin da na Rum. Ƙarfin sarkin ya dogara da doki, doki kuwa ba ya yin albarka a yanayin kudancin Indiya, dole a riƙa sayo shi daga ƙasar Larabawa da Farisa ta teku, da farko a hannun fataken Musulmi, daga baya a hannun Turawan Fotugal bayan sun kama Gowa a 1510. Gaskiya ne ya ci Isma'ila Adil Shah na Bijapur da yaƙi a Raicur a 1520. To amma yaƙin da ya fi cin masa shekaru da sarkin Orisa ya yi shi, wanda shi ma Hindu ne, har ya ɗauke gunkin Kirishna daga Udayagiri a matsayin ganima ya gina masa ɗakin bauta a Hampi. Kuma cikin kirarinsa akwai wanda yake alfahari da cewa shi ya mayar da sarkin Musulmi na daular Bahmani kan gadonsa.

Wanda birnin ya faɗi a zamaninsa shi ne Rama Raya, surukin Kirishna Deba Raya, da ya riƙe mulki daga 1542 yana ajiye da sarki Sadashiba a matsayin hoto. Tun yana saurayi ya yi aiki a ƙarƙashin sarkin Golkonda, daga baya ya ba yarima Ibrahim Kutub Shah na Golkonda mafaka shekara bakwai, ya kuma ɗauki Ali Adil Shah na Bijapur a matsayin ɗa. Sana'arsa ita ce haɗa sarakunan Musulmi na arewa faɗa, yau ya mara wa wannan baya, gobe wancan. Ya wuce gona da iri ranar da ya wulaƙanta Husaini Nizam Shah na Ahmadnagar, ya tilasta masa karɓar ganyen taunawa daga hannunsa alamar mubaya'a. Sarakunan Bijapur, Ahmadnagar, Golkonda da Bidar suka ajiye gabarsu, suka ƙulla auratayya, suka tare shi kusa da Talikota a watan Janairun 1565. Igwa ta tarwatsa rundunarsa, aka kama shi yana tsoho tukuf, aka fille masa kai. Ƙanensa Tirumala ya loda dukiyar fada a kan giwaye ya gudu Penukonda, ya bar birnin ba mai tsaro, aka yi watanni ana wasoso.

Mai ja da wannan bayani zai ce ai an farfasa gumaka, an cinna wa wuraren bauta wuta, marubutan fadojin Musulmi kuma da sunan jihadi suka kira yaƙin. Duk haka ne, tabon wutar ma yana nan, kuma rashin adalci ne a ce addini bai taka rawa ba. Amma akwai abin lura a yadda aka yi ɓarnar. Binciken masu tonon kayan tarihi ya nuna an fi auka wa fada da wuraren bautar Bishnu, waɗanda gidan sarautar lokacin ya jingina ikonsa da su, alhali Birupaksha, da yake shi ne mafi tsufa kuma mafi tsarki a wurin jama'a, ya tsira, ana ibada a cikinsa har yau. Da a ce da nufin shafe addini aka zo, da ta nan za a fara. Akwai kuma ruwayar da ɗan kasuwar Italiya Cesare Federici ya kawo, cewa wasu hafsoshi Musulmi biyu ne suka ci amanar Rama Raya a fagen daga. Ko an gaskata ta, abin da take tabbatarwa shi ne Musulmi na riƙe da manyan rundunoni a daular da aka ce an kafa don tare su. Ƙawancen sarakunan huɗu ma bai daɗe ba suka koma yaƙar juna.

Daular ba ta mutu a Talikota ba. Ta koma Penukonda, sannan Candiragiri, sannan Belor, tana ƙanƙancewa har wajen 1646. Federici ya ratsa tsohon birnin a 1567 ya tarar da gidaje a tsaye, babu kowa ciki, abin da ke nuna ƙaura ce ta ƙarasa shi bayan fada ta tashi da masu sayen doki da lu'ulu'u. Gwamnonin larduna suka zama sarakunan kansu. Gidan Wodeyar na Maiso ya gaji bikin Mahanabami, wanda sarakunan Bijayanagara ke zama kan wani babban dandamalin dutse su kalli faretin dawaki da giwaye, kuma tun 1610 suke gudanar da shi da sunan Dasara. Dandamalin yana nan a Hampi, jikinsa cike da sassaƙen mafarauta, 'yan rawa, raƙuma, da baƙin fatake masu gemu da dogayen huluna suna jan dawaki zuwa gaban sarki.