Mutuwar Poirot: mai kama masu kisa da ya ƙare da kisa

Tarihin da muka ɗauko muku a wannan mako na wani mamaci ne da ba a taɓa haifa ba. Ran 6 ga Agusta 1975, jaridar New York Times ta Amurka ta buga labarin mutuwarsa a shafinta na farko, wurin da ake ajiye wa shugabanni da manyan masu faɗa a ji. Sunansa Hercule Poirot, a baki ana cewa Puwaro. Mai binciken laifi ne ɗan ƙasar Beljiyam, gajere, mai kai kamar ƙwai, da gashin baki da yake tattali kamar yadda makiyayi ke tattalin bijiminsa. Wata marubuciya ƴar Ingila, Agatha Christie, ita ta ƙago shi, ta fito da shi a littafinta na farko a 1920, ta yi ta yawo da shi har littafi 33 ban da gajerun labarai sama da 50.

Littafin da ya mutu a cikinsa sunansa Curtain, wato labule, irin wanda ake saukewa in wasa ya ƙare. Ku da ke karatu da faransanci za ku same shi da sunan Hercule Poirot quitte la scène. Christie ta rubuta shi tun lokacin yaƙin duniya na biyu, sa'ad da jiragen Jamus ke ruwan bama-bamai a Landan, ba wanda ya san ko zai ga gobe. Ta kai rubutun banki aka kulle, ta mallaka wa ɗiyarta Rosalind ribarsa, kamar dai yadda uba ke ware wa ƴarsa karsana. Ya yi shekara talatin da wani abu a kulle. Sai a 1975, shekarar da ta cika 85, ƙarfin rubutu ya ƙare mata, ta yarda a fito da shi.

To, wanda ke da niyyar karantawa ya sani, yanzu zan fasa ƙwai.

Poirot ya tsufa, ciwon zuciya ya ci shi, ana tura shi a keken guragu. Ya koma Styles, gidan da ya yi bincikensa na farko, wanda yanzu ya zama masaukin baƙi. Ya kira tsohon amininsa Kyaftin Hastings, ya nuna masa labarin kisan kai guda biyar. A kowane an san wanda ya yi, ba gardama. Amma Poirot ya ce akwai mutum guda da ke kusa da dukkan biyar ɗin, kuma yana cikin gidan nan. Mutumin shi ne Norton, wani shiru-shiru mai in'ina, kullum yana rataye da madubin hangen nesa wai yana kallon tsuntsaye. Bai taɓa riƙe wuƙa ko guba ba. Aikinsa zuga. Yakan gano inda mutum ke da miki, ya sa baki a daidai wurin, kalma ɗaya yau, rabin magana gobe, har mutum ya tashi ya kashe, yana tsammanin shawarar ransa ce. Ku da ke zaman kasuwa da mashaya kun san irinsa: ba a ganinsa ranar faɗa, amma in aka bi sawun maganar, ƙofarsa ake tsayawa.

A gidan ya zuga mai masaukin har ya harbi matarsa, Allah ya sa ba ta mutu ba. Ya zuga Hastings kansa, mutumin da ko kaza bai iya yankawa, har ya haɗa guba don wani da yake zargi da neman lalata ɗiyarsa Judith. Poirot ne ya sa masa maganin barci a abin sha, ya kwana, gari ya waye hankalinsa ya dawo. Akwai ma abin da ya shafi yankinmu: gubar da ta kashe matar likita Franklin daga waken Kalaba aka tatso ta, wanda mutanen kudu maso gabashin Najeriya ke ba wanda ake zargi a zamanin da, in ya amayar ya kuɓuta, in ya mutu a ce shi ne mai laifi. Christie ta yi aikin haɗa magani a asibiti, ta san guba ciki da bai.

Daga nan aka tsinci Norton a ɗakinsa a kulle, harsashi a tsakiyar goshi. Aka ce shi ya kashe kansa. Poirot ma ya cika. Bayan wata huɗu takarda ta iso wa Hastings, da hannun marigayin: shi ya harbe Norton. Gurguntar ma ta ƙarya ce, yana iya tafiya sarai.

Yaya masu karatu suka karɓi wannan? Da farko dai murna. Littattafan da Christie ta rubuta a ƙarshen rayuwarta sun yi rauni, labari na yawo, magana na maimaituwa, masoyanta na karantawa don kara. Sai ga wannan, rubutun lokacin da take kan ganiyarta. Aka yi ta saye, ya shiga sahun littattafan da suka fi ciniki a Amurka. Wasu suka koma baya suna duba alamun da suka wuce su. Me ya sa Poirot ya sallami tsohon baransa George ya ɗauki baƙo? Wa zai harbi mutum daidai tsakiyar goshi, ba dama ba hagu, in ba wanda ko littafi ya karkace a kan tebur sai ya miƙe shi ba? Masu lissafi kuma suka ce ai mutumin da ya bar aikin ɗan sanda tun kafin 1920, in a 1975 ya mutu, ya haura shekara ɗari da nisa. Wannan ba ta dami kowa ba sosai. Abin da ya fi sosa ran wasu, ku yi dariya in kun so, shi ne jin cewa a ƙarshe har gashin bakin nan na manne ne.

Babbar gardamar ita ce kisan, kuma har yau ba ta mutu ba. Wani ɓangare na cewa Christie ta ci amanarsu. Shekara 55 suna bin mutumin da ke faɗa a kai a kai cewa bai yarda da kisa ba ko wane ne aka kashe, Kirista ɗan Katolika mai riƙo da addininsa. A littafin Murder on the Orient Express na 1934 ya ƙyale waɗanda suka kashe wani mugu sun tafi, amma hannunsa bai taɓa jini ba. Yanzu shi ne mai ƙara, shi ne alƙali, shi ne hauni. Suka ƙara da cewa tun kafin harbin ya karkatar da shaida gaban masu binciken mutuwar matar likita, ya bari aka ce ita ta kashe kanta. Suna kuma ganin marubuciyar ta gaji da shi ne, don ba ta ɓoye cewa ya gundure ta ba, shi ya sa ta yi masa wannan ƙarshe.

Ɗaya ɓangaren na cewa, to me kuke so ya yi? Wace kotu za ta ɗaure mutum don ya ce "na ga wane da wance jiya", ya yi shiru? Ba shaida, ba makami. Poirot na gab da mutuwa, in ya tafi ya bar Norton, gobe wani gida ne.

Ni dai inda na fi tsayawa shi ne wurin da ɓangarorin biyu ke saurin wucewa. Duk abin da muka sani game da laifin Norton, daga bakin Poirot muka ji shi. Mun yarda ne don Poirot ne, bai taɓa kuskure a gabanmu ba. A cire sunansa a sa na wani, sai labarin ya zama na mutumin da ya tabbata a ransa cewa wane ne ke hura wuta, ya bi dare ya kashe shi. Christie kuwa ba ta wanke shi ba. A takardar, mutumin da ya shekara hamsin yana alfahari da kaifin ƙwaƙwalwarsa ya amsa cewa bai san ko daidai ya yi ba. Ya ture maganin zuciyarsa nesa da gado, ya bar wa Allah hukunci. Nan ma aka rabu: wasu na ganin tuba ce, wasu na ganin kisa na biyu ne, na kansa.

Turawa sun taɓa ganin irin wannan. A 1893 Arthur Conan Doyle ya jefa Sherlock Holmes a wani kwazazzabon ruwa a Suwizalan, masu karatu suka tada ƙura, bayan shekara goma ya dawo da shi da rai. Masoyan Poirot ba su samu wanda za su matsa wa ba, don Christie ta rasu ran 12 ga Janairu 1976, wata huɗu bayan fitowar littafin. A 2013 aka nuna labarin a talabijin na Ingila, David Suchet na fitowa a matsayin Poirot kamar yadda yake yi tun 1989, gardamar ta sake tashi wurin waɗanda ba su taɓa buɗe littafin ba. A 2013 ɗin dai magadan Christie suka ba wata marubuciya, Sophie Hannah, izinin rubuta sababbin labaran Poirot. Ta mai da shi baya ne zuwa 1929, lokacin yana da ƙafafunsa da gashin bakinsa na gaskiya, ba ta taɓa abin da ya faru a Styles ba.