Tarihin Jinginar Gida: Abin da Sharia ta Hana Tun Farko

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan uwa, akwai tambayar da ta yawaita mana a nan Goudji. Mutum ya shiga matsi, ya karɓi bashi, ya ajiye takardar gidansa a hannun mai kuɗi, aka rubuta cewa in wa'adi ya cika bai biya ba, gida ya zama na mai bin bashi. Wai shin wannan ya halatta? Bari mu koma tarihi.

Jingina, wadda malamai ke kira rahanu, halal ce. An ambace ta a Suratul Baƙara aya ta 283. Manzon Allah (SAW) ma ya rasu sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude a kan sa'i 30 na sha'ir, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. To ina matsalar take? Larabawan Jahiliyya sun kasance in wa'adi ya wuce, mai bin bashi sai ya haɗiye abin jinginar ɗungurungum, ko da ya ninka bashin sau goma. Wannan shi ne galaƙur rahani. Imam Malik, wanda ya rasu a 179 Hijira, ya kawo hadisin hana shi a Muwaɗɗa ta hanyar Sa'idu ɗan Musayyab, kuma ya bayyana cewa sharaɗin ɓatacce ne: mai gida na iya karɓar abinsa ko bayan wa'adi in ya kawo kuɗi. In ya kasa, alƙali ya sayar, a biya bashi, ragowar ta koma wa mai ita.

A ƙasar Hausa abin ya zo da wata siga, wato jinginar gona. Mai kuɗi ya riƙe gonar, ya noma, ya ci amfaninta shekara da shekaru, bashi kuma yana nan bai ragu da ko anini ba. Ɗalibai su lura: a mazhabarmu ta Malikiyya, in bashin rance ne, mai riƙe da jingina ba ya cin amfaninta, domin rancen da ya jawo amfani riba ne. In kuwa bashin na ciniki ne, ana iya sharɗanta amfani na lokaci sananne. Haka nan dabarar “na sayar maka, in na dawo da kuɗi ka mayar mini”, wadda fukaha'u ke kira bai'us sunya, in an sa ta sharaɗi a cikin cinikin ba ta inganta.

Dokokin zamani ma sai da suka zago nan. A Amurka, bankuna sun yi ta ba marasa ƙarfi bashin gida da ruwan da ke hauhawa daga baya, har abin ya rushe a 2008, miliyoyin iyalai suka rasa matsuguni, bankin Lehman Brothers ya durƙushe, masu zuba jari a gidaje suka tafka asara. A 2010 aka yi dokar Dodd-Frank, wadda ta tilasta wa mai ba da bashi ya bincika ko mai karɓa zai iya biya.

Mu kuma a Chadi muna ƙarƙashin dokokin kasuwanci na OHADA, ƙungiyar da aka kafa a 1993. Dokarta ta jingina, wadda aka sabunta a Lome a Disamba 2010, ta yarda a yi yarjejeniyar mallake ginin da aka jinginar ne kawai in mai jinginar kamfani ne ko ɗan kasuwa mai rajista, kuma ginin ba na zama ba ne. Ko a nan ma sai masani ya ƙiyasta darajarsa, mai bin bashi ya mayar da rara. Ke nan gidan da iyali ke kwana ciki ba a haɗiye shi da takardar da aka rubuta a zaure.

Me wannan ke nufi ga mai ba da bashi? Haƙƙinsa bai salwanta ba, amma haƙƙinsa kuɗinsa ne, ba gida ba. Mai sayen gidaje don haya ko sayarwa kuwa, in ya ga gida da arha ƙwarai, ya tambayi yadda ya shigo hannun mai sayarwa, ya nemi ganin titre foncier. In ba haka ba, rigima ya saya, kuma wata rana magada za su zo.

Saboda haka muna nasiha: a rubuta bashi da shaidu kamar yadda aya ta 282 ta yi umarni, kada a sa hannu kan sharaɗin haɗiye gida, wanda ya shiga ƙunci kuma a jinkirta masa. Duk wanda ya san yana riƙe da gidan wani ta wannan hanya, ya zo mu zauna a warware tun ana da rai.

Allah ne mafi sani. Allah Ya yaye wa masu bashi, Ya tsare mu daga cin haram. Wassalamu alaikum.