Malam Bello Kagara, Malamin Shugabanni

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Bayan haka, ya 'yan'uwa mazauna birnin Kuala Lumpur, mun ga ya kamata a cikin wannan ɗan littafi mu tuna da wani malami wanda ƙasarmu ta daɗe tana cin moriyar aikinsa, watau Alhaji Muhammadu Bello Kagara, Walin Katsina, wanda aka haifa cikin 1890, ya riga mu gidan gaskiya cikin 1971.

Malam Bello ɗan gidan malamai ne, mahaifinsa alƙali ne, saboda haka da allo ya buɗe ido. Yana yaro Turawa suka ci Kontagora da yaƙi cikin 1901. Duk da haka bai ƙi ilmin da suka zo da shi ba. Ya shiga makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa ta Kano, ya haɗa karatu biyu, sa'an nan ya kama aikin koyarwa a Zariya. Daga can aka kai shi Kwalejin Katsina, ya riƙa koyar da Larabci da addini.

Wannan Kwaleji kuwa, wadda ta zama Barewa daga baya, Gwamna Clifford ne ya buɗe ta cikin 1922. Mu da ke zaune nan sunansa ba baƙo ba ne gare mu, gama a ƙasar Malaya ya fara aiki cikin 1883, ya yi Razdan a Pahang, bayan ya bar Nijeriya kuma ya komo nan cikin 1927. Tun 1905 aka kafa wa 'ya'yan sarakunan Malaya makarantar kwana a Kuala Kangsar. Ashe hanya ɗaya boko ya biyo ya shiga gidajen manya, can da nan.

To, a zamanin nan iyayenmu suna tsoron boko ƙwarai. Ganinsu shi ne yaro zai tafi da salla ya komo babu, ya tafi da harshen uwarsa ya komo yana raina shi. Turawa suna iya gina ɗakuna, su koyar da lissafi da Ingilishi, amma ba su da ikon kwantar da hankalin uba a kan wannan. Sai irin su Malam Bello, waɗanda yaro zai gani da rawani a cikin aji, ya tabbata ilmin zamani da riƙon addini suna iya zama a ƙirji ɗaya.

Ga waɗansu daga cikin samarin da suka yi karatu a Kwalejin a zamaninsa: Ahmadu Bello, wanda ya zama Firimiyan Jihar Arewa cikin 1954, da Abubakar Tafawa Balewa, wanda ya zama Firayim Minista cikin 1957, shekarar da Malaya ta sami mulkin kai, da ƙanen Malam Bello, Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo.

Har wa yau, da aka sa gasar rubuta littattafan Hausa cikin 1933, malami bai ji nauyin shiga tare da almajiransa ba. Ya rubuta Ganɗoki, Imam ya rubuta Ruwan Bagaja, Tafawa Balewa ya rubuta Shaihu Umar, duka aka buga su. A cikin Ganɗoki ya ba da labarin zuwan Turawa ta bakin jarumin da ya yaƙe su, don kada yara su san tarihinsu daga gefe guda kaɗai. Da ya bar aji ya yi alƙalanci a Katsina, har aka naɗa shi Wali.

Yau 'ya'yanmu a wannan birni suna karatu da Ingilishi da harshen Malay, kuma hakan alheri ne. Amma tsoron da ya kama kakanninmu bai gushe ba, kuma maganinsa bai sake ba. Wajibi ne waɗanda Allah ya ba karatu biyu daga cikinmu su zauna da yaran nan, su koya musu addininsu da harshensu da labarin ƙasarsu. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, sai fa wanda ya sami mai tuna masa hanya.

Allah ya jiƙan Malam Bello, ya haskaka kabarinsa, ya saka wa malamanmu duka da alheri. Amin.